Ƙirjin mutum na cika da jini, ku kuna neman rasit

Wallahi abin da ake wa talaka a asibitocin garin nan ya isa haka. Tirela ta banke ƙanena a kan babur wajen Kawo, haƙarƙarinsa suka karye, ɗaya ya huda huhu. Muka garzaya da shi wani asibiti, likita ya zura masa roba ta gefen ƙirji, jini ya yi ta kwarara cikin kwalba. Ya ce idan abin da ya fito a karon farko ya kai lita ɗaya da rabi, ko ya ƙi tsayawa, ba makawa sai an buɗe ƙirjin: a tsaga ta tsakanin haƙarƙari, a buɗa su, a nemo jijiyar da ke zuba a ɗaure. Ya ce da gaggawa.

To ga gaggawar tasu. Aka miƙo min takarda: safar hannu, zaren ɗinki, ruwan ƙari, maganin sa barci, duk ka je ka saya. Kantin maganin asibiti ya ce babu, sai kemis na waje, da tsakar dare. Jini kuma sai ka kawo masu bayarwa kafin a saki ko leda ɗaya, na yi ta tashin 'yan uwa daga Rigasa da Tudun Wada. Na dawo ina haki, mai karɓar kuɗi ya ce ba rasit ba ɗakin tiyata, ga na'urar biyan kuɗi babu sabis. Yaro kwance yana numfashi da huhu ɗaya!

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin duba mai larurar gaggawa bisa kowane dalili. Wa ke bin ta? A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗin ƙasashensu ga lafiya, mu dai safar hannu ma mu ke saye. Ban ga laifin likitan ba, shi da kansa ya tsaya yana roƙon a bari a shiga da yaron, a biya daga baya.

An yi aikin, Alhamdulillahi, da kuɗin bashi. Yanzu ana matsa masa ya riƙa tari da jan dogon numfashi don huhun ya buɗe, alhali allurar kashe zafin ma sai mun sayo. Jiya da daddare ta ƙare, ya kwana yana ihu.