In za a dawo da shi, a dawo da makaɗansa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa tasi a Niyok, kuma akwai wani layi da na sani kamar yunwar cikina, wato Titi na 44, inda gidan wasan Majestic yake. Wajen ƙarfe goma da rabi na dare sai a buɗe ƙofofi, jama'a su ɓarko waje kamar an tashi kallon ƙwallo, kowa na ɗaga hannu yana neman mota. Na ci abinci sosai a ƙofar gidan nan. A cikinsa aka yi ta nuna The Phantom of the Opera, wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa, tun daga 26 ga Janairun 1988 har zuwa 16 ga Afrilun 2023. Shekara 35 ke nan, an hau dandamali sau 13,981, kuma babu wasan da ya taɓa daɗewa haka a tarihin Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta Niyok.

Tun daren da aka rufe shi, raɗe-raɗin dawowarsa ba su lafa ba. Mai ɗaukar nauyin wasan, Cameron Mackintosh, bai ɓoye cewa wata rana zai dawo ba, ya dai ƙi faɗin yaushe. Daga nan kowa ya zama mai duba. Wani ya ce ƙaramin gida za a nema masa, wani ya ce jira ake yi kewa ta kama mutane sannan a tsawwala kuɗin tikiti. Da aka buɗe wani sabon salo nasa mai suna Masquerade a 2025, inda 'yan kallo ke bin 'yan wasa daga ɗaki zuwa ɗaki a wani gini da ke Titi na 57, sai maganar ta ƙara zafi. Ina jin ta daga kujerar baya kusan kowane mako, musamman daga baƙin da suka zo gari ba su san an rufe ba.

Ni ban da shakkar zai dawo. Saniyar da ta yi shekara 35 ana tatsa ba a sakinta a daji. Tambayata ɗaya ce, kuma da wuya na ji fasinja ya yi ta: da makaɗa nawa zai dawo?

A Majestic mutum 27 ne ke zaune a ramin da ke gaban dandamali, suna kiɗan da Andrew Lloyd Webber ya tsara. Haka ma yake a Landan, inda wasan ya fara a 1986. Amma da aka sake buɗe na Landan a 2021 bayan kullen korona, sai aka wayi gari makaɗan sun koma 14, na'ura ta cike gurbin sauran. Sunan wasan bai canza ba, ƙatuwar fitilar da aka san wasan da ita tana nan tana faɗowa daga rufi, amma rabin hannuwan da ke riƙe da shi an sallame su. Duk wanda ke lissafin dawo da wasan Niyok, lissafin Landan na gabansa a kan tebur.

Ba zan zalunci masu kuɗin ba. An rufe Broadway a Maris ɗin 2020, wasan bai dawo ba sai Oktoban 2021, baƙi 'yan yawon buɗe ido waɗanda su ne rufin asirinsa sun ragu, kuma abin da ake kashewa a mako ya doshi dala miliyan ɗaya. Ni ma da nake sayen mai kullum na san zafin lissafi. Sai dai wannan rigima ta girmi korona. A Maris ɗin 2003 makaɗan Broadway sun yi yajin aiki na kwana huɗu a kan wannan magana ta mafi ƙarancin makaɗan da dole a ɗauka, 'yan wasa da ma'aikatan bayan labule suka mara musu baya, gidaje suka yi duhu. Duk da haka sai da aka rage adadin a manyan gidaje zuwa 18 ko 19. Kullum aka tashi tsimi, wuƙar kan makaɗi take fara sauka, saboda shi ɗan kallo ba ya ganinsa.

Sau ɗaya tak na shiga na kalli wasan, a Maris ɗin 2023, ana saura 'yan makonni a rufe. 'Yata ce ta saya mana tikiti da kuɗin aikinta, ta ce, "Baba, shekara nawa kana tsayawa a ƙofar nan, ai ya kamata ka ga abin da ke ciki." Can sama muka zauna. Da aka tafi hutun rabin lokaci ta ja hannuna muka sauko har bakin ramin, muka leƙa. Wuri ne matsattse, kujera na gogar kujera, kowa da 'yar fitilarsa a kan takarda. Wani mai busa ƙaho yana zazzage ruwan da ya taru a ciki. Wata dattijuwa mai furfura ta ɗauko wani ɗan dunƙule tana goga shi a jikin bakan gogenta, a hankali, daga wannan kai zuwa wancan. Na tsaya cak. Ƙaro ne. Daidai abin da na sha ganin masu goge na yi wa izgar doki a gida kafin su fara. An ce mini wasu a cikin ramin nan tun 1988 suke zaune a kujerunsu. Da aka dawo kashi na biyu, kunnena ya bar dandamali ya koma ƙasa, na riƙa jin yadda in mai waƙa ta ja numfashi, su ma sai su dakata mata, in ta ɗaga su ɗaga.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne na riga na ga ƙarshen irin wannan tsimi a Zariya. Lokacin bikin yayata, ina yaro, masu kalangu biyar aka kira, da ɗan kuntukuru, da masu amshi. Babban cikinsu ba ya kallon gangarsa ko kaɗan. Ƙafar mai rawa yake kallo. In ya matse tsarkiya a hammata sai kalangun ya tashi, in ya sassauta ya sauko, har ka ji kamar mutum ne ke magana. Da wata gwaggonmu ta shigo fili, tun kafin maroƙi ya buɗe baki gangar ta riga ta kira kirarin gidansu, matar nan ta yar da gyale ta shiga. Da na je gida a 2019 bikin ɗiyar wannan yayar tawa, DJ na tarar da lasifika biyu da kwamfuta. An yi rawa, an yi liƙi, amarya ta yi kyau, ban raina wa kowa ba. Amma gwaggon nan, wadda ta tsufa ƙwarai, ta shigo ta zauna, babu abin da ya san ta shigo.

Babu wanda ya kafa dokar hana kalangu. Fiyano ce ta shigo situdiyoyin Kano, yaro ɗaya ya iya fitar da sautin ganga da sarewa da algaita a zaune, kuɗin ya yi sauƙi, kunnuwa suka saba. Kowane mai biki ya yi lissafinsa shi kaɗai, kuma kowane lissafin daidai ne. Da aka tara su gaba ɗaya, sai ga 'ya'yan makaɗan unguwarmu a kan Keke Napep. Yau matasa na maimaita waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a kan fiyano. Baitocin suna nan ba a taɓa su ba, amma duk wanda ya san yadda Shata ke jifan makaɗansa da magana su cafe su mayar masa, ya san abin da babu.

Akwai bambanci tsakaninmu da su, kuma ba a wajenmu sauƙin yake ba. A nan komai a rubuce yake. Kowane sauti da kowane ɗaya daga cikin mutum 27 ɗin nan zai fitar yana kan takarda. Ɗakin karatu na Lincoln Center yana ɗaukar wasannin Broadway a faifai yana adanawa tun 1970, makarantun kiɗa irin su Juilliard kuma kowace shekara suna yaye sababbin hannu. In sun rage zuwa 14 yau, gobe wani mai zuciya na iya buɗe durowa ya mayar da 27. Mu kuwa kiɗanmu a hannu yake da kunne, daga uba zuwa ɗa. Ranar da ɗan ya ce ba ya yi, babu durowar da za a buɗe. To amma ko su ɗin, takarda ba ta ajiye komai da komai. Ba ta ajiye abin da ke tsakanin mutanen da suka shekara talatin suna numfashi tare a rami ɗaya, kuma 'yan kallon da suka taso da jin na'ura ba za su nemi a mayar musu da abin da ba su taɓa ji ba.

In dole sai an yi tsimi, akwai inda za a yanka. Wani wasan Broadway mai suna Chicago ya fara a 1975, ya yi sau 936 aka rufe. Da aka farfaɗo da shi a 1996 sai aka kwashe kayan ado kusan duka, aka bar baƙaƙen tufafi da kujeru, aka ɗora makaɗan a tsakiyar dandamali kowa na ganinsu. Har yau ana yin sa, ya ninka na asalin sau da yawa. Na san Phantom ba zai yiwu babu fitilarsa da kwalekwalensa ba, amma tsakanin kyandir ɗari da mai goge ɗaya, ni na san wanda zan bari. Ko yaran da ke tashe da azumi sun san wannan. Gemun auduga ne, gangar gwangwani ce, kowace shekara a farfaɗo da Tsoho da Gemu ba tare da sisin kowa ba, amma ban taɓa ganin yaron da ya zo ƙofar gida ya kunna kaset ya tsaya ba. Da bakinsa yake yi, abokansa na amsawa.

Saboda haka ranar da aka sanar da dawowar wasan, ba sunan jarumi zan fara nema ba. Zan nemi adadin kujerun da ke cikin ramin. In 27 ne, ni zan saya wa 'yata tikiti wannan karon. In 14 ne, zan tsaya a ƙofa in ɗauki fasinjana kamar yadda na saba.

Ita 'yar tawa an sa ranarta bayan Babbar Salla, kuma a Zariya za a yi. Na kira ƙanena na ce ya nemo mini masu kalangu ko nawa ne kuɗinsu. Ya yi mako biyu yana cigiya kafin ya samo uku a wani ƙauye ta hanyar Giwa. Ya ce ƙaramin cikinsu ya haura shekara hamsin.