Ranar da alƙali ya taka totur

Rikicin fili ne tsakanina da wani maƙwabci, mun yi ta zirga-zirgar kotu har mai shayin bakin ƙofa ya fara ba ni bashi. Rannan lauyana ya fito yana washe baki: "Alhaji, albishirinka! Alƙali ya ba mu accelerated hearing." Na ce goro fari, alhali ban san me aka ba mu ba.

Da na koma gida na tambayi 'yata mai karatun Turanci a jami'a. Ta ce, "Baba, accelerated siffa ce, abin da aka ƙara wa sauri. Daga Latin ta fito, accelerare: ad na nufin zuwa ga, celer kuma mai sauri. Tun ƙarni na 16 aikatau ɗin ya shiga Turanci. Ma'aikaci ma in ya tsallake layi a ƙarin girma, da ita ake faɗa. Sunan totur na mota, accelerator, duk gidansu ɗaya."

Ai tana ambaton totur na daina saurare. Ni da na yi tuƙin Kano zuwa Zariya, wa zai faɗa mini aikin totur? Washegari na sayo siminti, na sa aka buga bulo, na ba magini kafin alƙalami. Har Hajiya ta zaɓi inda za a yi mata kicin.

Zaman farko, lauyan wancan ɓangaren ba shi da lafiya. Zama na gaba, shaida ya tafi Umara. Sai kotu ta shiga hutun shekara, damina kuma ta shiga shagon da na jibge siminti. Kafin alƙali ya dawo, buhunan sun zama duwatsu, har almajirai na zama a kai suna cin tuwo.

Na tari lauya a fusace: "Barista, ina totur ɗin?"

Ko gezau bai yi ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Alhaji, kalmar ba ta yi alkawarin gudu ba, ƙarin sauri kawai ta ce. Kunkuru ma in ya tashi daga kwance ya fara rarrafe, ai ya ƙara sauri. Da, wata uku ake ɗaga mana shari'a, yanzu biyu ne."

Daga nan ya miƙo mini takardar kuɗin zaman gobe, ya ce a biya kafin azahar.