Yaro Mai Yawan Tambaya Ba Mara Kunya Ba Ne

"Rufe mana baki!" "Kai dai ka cika surutu." "Yaro da kai, ina ruwanka?" Da irin waɗannan kalamai muke dakushe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu. Ɗan shekara biyar ya tambaya ina rana take kwana, ko me ya sa wata yake bin mu in muna tafiya, sai a daka masa tsawa. Bayan shekara ashirin mu dawo muna kukan ya gama jami'a amma ba ya tsinana komai sai an ce masa yi.

Mu ne fa masu cewa matambayi ba ya ɓata. Nana A'isha (RA) ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangiji ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, yana nan a aya ta 260 cikin Baƙara, kuma aka nuna masa. To mu a ina muka samo cewa tambaya rashin ladabi ce?

Ku tsaya ku kalli yaron da ke tsugune a bakin zaure da gwangwanin madara da tsohon silifa, yana yanka tayoyi, yana soka kara, ya gwada, motar ta karkace, ya kwance ya sake. Karatu yake yi wallahi. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, ya tafi Ditiroyit ta Amurka ya karanci zanen mota, shi ya zana siffar Chevrolet Volt da General Motors ta nuna a 2007. Duk muna tutiya da shi. Amma da yawanmu in muka kama ɗanmu yana zanen mota a bayan littafin makaranta, bulala za ta yi aiki.

Sai dai son sani kaɗai ba ya isa, dole a ɗora masa nauyi. Ya kwance rediyon Baba? Kada a dake shi, a zaunar da shi ya mayar da kowane noti mazauninsa. Iyayenmu na ƙauye sun fi mu gane wannan: a ba yaro kaza ko 'yar akuya a ce taka ce, shi zai nemo mata dusa, shi zai fita nemanta in magariba ta yi ba ta dawo ba. A aike shi kasuwa, a ƙirga canji a gabansa. Namiji ma ya wanke kwanon da ya ci, ba sai ƙanwarsa ba.

In kuma sun girma, alkunya ta kan rufe mana baki. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, uba ya yi ta yabon ɗansa a majalisa amma shi ɗan bai taɓa ji ba. Ina girmama al'adar, amma ina ganin muna tauye su. 'Yarka da ke kwana a asibiti tana jinyar marasa lafiya, ɗanki bakanike da ba ya cutar mai mota, ku kira su ku faɗa musu baki da baki: na ji daɗinka, Allah ya yi maka albarka.