Ba kayan wasa malamar ajin share fage ta rasa ba

Shekara shida ke nan ina aikin rainon yara a wata nasare a Manchesta. Ƙanwata kuma ita ce malamar ajin share fage a firamaren ƙauyenmu, can ƙasar Ringim. Sana'armu ɗaya, amma duk ranar da muka yi waya sai ta ce, "Yaya, ke dai hutawa kike yi."

Tana da gaskiyarta. A Ingila doka ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙe fiye da yara 3 ba in ba su kai shekara 2 ba. 'Yan shekara 2 kuwa 5 ne (da 4 ne, a 2023 aka ƙara, aka yi ta ƙorafi). Ita kuwa in ba ranar kasuwa ba ce sai su haura 70 a kan tabarmi, ban da na goye da yayyensu suka taho da su.

Mu mazauna waje in tausayi ya kama mu, kayan wasa muke fara saye. Ni ma na yi. Na cika jaka biyu da motocin roba da bulolin haɗawa, na biya kuɗin awo mai zafi. Da na je gida bara sai na tarar da su a kulle a ofishin hedimasta, wai kada yara su ɓata su. Ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ɓatawar ita ce karatun.

Abin da ya raba ni da ƙanwata a gaskiya takarda ce. Tun 2008 duk mai rainon yara a Ingila yake aiki da tsari ɗaya, EYFS, daga haihuwa zuwa shekara 5. Ya fayyace abin da za ka fara sa wa ido: maganar yaro da fahimtarsa, motsin jikinsa, da zamansa da mutane. Tsakanin shekara 2 da 3 wajibi ne in rubuta wa iyaye inda ɗansu ya kai da inda ya tsaya. Jariri kuma tun yana ɗanye ake gwada jinsa. Ba wai mun fi kowa ƙaunar yara ba ne. An koya mana abin da za mu duba ne, da wanda za mu kira in mun gani.

A gida uwa tana da katin rigakafi. Ana ɗora yaro a sikeli, ana zagaya masa tef a dantse a ga ko tamowa ta kama shi, kuma wannan aiki ne babba. Amma wa yake tambaya ko yaron ya fara haɗa kalma biyu? In ya shekara 3 shiru, sai a ce nauyin baki ne, ai haka ubansa ya yi. Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuwa kurumta ce da sanƙarau ko ƙyanda suka bari, ko kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ana toshe shi da auduga. Kafin a farga ya shiga aji uku, an sa masa suna daƙiƙi.

A rubuce ba mu rasa komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sanya shekara ɗaya ta share fage kafin firamare, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhaja. Sai dai ƙanwata ba ta taɓa riƙe kwafi a hannunta ba. Don haka abin da aka yi mata take yi musu: A B C da ƙarfi, a maimaita har a tashi.

Abin da ke ba ni dariya da haushi, rabin kwasa-kwasan da ake tura mu a nan, abin da Inna ta yi mana kyauta ne. A yi wa yaro waƙa, a ba shi labari, a jefa masa tambaya a jira amsarsa. To tatsuniya fa? Ƙulin ƙulifita fa? Carafke ƙidaya ce da saitin hannu, gaɗa kuma harshe ne da tafi. Nan yashi a buhu muke saye don yara su yi wasa, mu da sunan jiharmu ma daga jigawar yashi ya fito.

A Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yaran da rashin abinci ya tsumburar, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa zuwa gidajensu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda ake wasa da hira da yaro, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka samu kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba gini aka yi ba, ba a shigo da kwantena ba.

Ni a ganina hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da kwalejojin ilimi irin na Gumel da Bichi za su iya fitar da ɗan littafi na Hausa, boko da ajami, mai nuna abin da ake sa ran gani ga ɗan wata 6, ɗan shekara, ɗan shekara 3, da inda za a kai shi in ba a gani ba. A karanta shi a rediyo, a zuba a memori don matan da ba sa karatu.

Kafin nan, na fara tura wa ƙanwata saƙon murya ta WhatsApp duk Juma'a. Na ce ta zaga bayan masu shiru-shiru ta kira sunansu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Duk suka waiwayo sai yaro guda. Kakarsa ta ce miskili ne kawai. Ubansa dai ya ce in ya sayar da riɗi zai kai shi Kano a duba kunnen.