Rizistar nutural ta janareta: ba 11,000 ake rabawa ba

Masu haɗa janareta mai bolt 11,000 a masana'antun Ikeja da Apapa sukan yi tuntuɓe wajen zaɓen rizistar da ke tsakanin nutural (mahaɗar layukan wuta uku na janareta) da ƙasa, wadda ke taƙaita wutar da za ta bi ƙasa in an samu matsala: sai su raba 11,000 da amfiyar da suke so. Ba haka ba ne. In ɗaya daga cikin layukan uku ya taɓa ƙasa, bolt 6,350 ne ke hawa kan rizistar, wato 11,000 a raba da 1.732. Kana son amfiya 100? Sa om 63.5. Wanda ya sa om 110, amfiya 58 kacal zai samu, rile kuwa, wato na'urar kariya mai sa a katse wuta, yana iya yin gum, janareta na ta cutuwa.

Duba daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikin rizistar, wato lokacin da za ta iya jure wutar, galibi 10. In rile bai katse kafin nan ba, tana iya ƙonewa.