Furotin ma ba ya shiga sai da shaida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku tsinki ganye ɗaya ku dube shi da kyau. Korensa daga wasu ƙananan ɗakuna yake fitowa a cikin ƙwayoyin halittarsa, waɗanda masana ke kira kuloroplas. A nan ake haɗa hasken rana da ruwa da iska a fitar da sukari. Ɗakin nan yana aiki da furotin kusan 3,000, amma waɗanda yake ƙerawa da kansa ba su wuce 100 ba. Sauran duk a waje ake ƙera su da umarnin cibiyar ƙwayar, sannan a shigo da su. To wa ya nuna musu hanya?

Amsar tana bakin Annabi Musa (AS) lokacin da Fir'auna ya tambaye shi wane ne Ubangijinsu: Shi ne wanda Ya ba kowane abu halittarsa, sannan Ya shiryar (Ɗaha, aya ta 50).

Mafi yawan furotin da aka nufa da kuloroplas yana ɗauke da wani guntun jela a goshinsa, jerin amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kamar 20 zuwa 100. Ita ce shaidarsa. Kuloroplas yana da tantani biyu. A na waje akwai ƙofar da ake kira TOC, inda Toc159 da Toc34 ke duba shaidar, Toc75 kuma shi ne ramin wucewa. A na ciki akwai ƙofar da ake kira TIC. Furotin ba ya ratsawa a naɗe, sai an warware shi kamar zare, masu taimako irin su Hsp70 su jawo shi ciki da kuzarin ATP, wato makamashin ƙwayar halitta. Da ya shiga sai wani inzayim, wato furotin mai aikin almakashi, ya yanke jelar, furotin ya naɗe ya kama aiki. Idan aka lalata Toc159 a tsiron Arabidopsis, fari fat yake fitowa, kuma tun yana ɗan tsiro yake mutuwa. Rana tana nan, ruwa yana nan, mai tsaron ƙofa ɗaya kawai ya rasa.

Subhanallah! Jelar nan ba ita ke aikin ba, amma ba ta, ba shiga. Mu tuna niyya, 'yan uwa: tana gaban aiki, ba mai ganinta a cikin ruku'u ko sadaka, kuma da ita ake karɓa. Kafin kabbara, mu duba abin da ke goshin aikinmu.

Abin da ya fi girgiza zuciya shi ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium, ita ma tana da irin ɗakin nan. A 1996 aka tabbatar da shi, ana kiransa apikoplas. Ba ya kama haske, kuma tantaninsa huɗu ne, don haka shaida biyu furotin ɗinsa ke ɗauka. Ta farko tana shigar da shi hanyar fitar da kaya ta ƙwayar, a yanke ta. Ta biyu, mai yawan amino asid ɗin laisin da asfarajin, ita ke ratsa da shi sauran tantanin, kuma ƙofofin ciki 'yan uwan TOC da TIC ne na ganye. Furotin wajen 500 ake hasashen suna bin wannan hanya.

Jikin ɗan Adam ba shi da wannan ɗaki, a nan rahamar take: magani zai iya bugun ɗakin ƙwayar ba tare da ya sami irinsa a jikinmu ba. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. A 2011 masu bincike Yeh da DeRisi suka nuna cewa a cikin jini, abu ɗaya tak ƙwayar ke buƙata daga apikoplas, wato sinadarin IPP. Magungunan doksisaikilin da kilindamaisin ɗakin nan suke bugu, sai dai bugun jinkiri ne: ƙwayar da ta sha maganin tana kammala zagayenta na awa 48, 'ya'yanta ne ke mutuwa a zagaye na biyu. Shi ya sa ba a magance zazzaɓin da ya riga ya kama mutum da su kaɗai, sai an haɗa da magani mai saurin kisa. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya sayo wa yaro mai zazzaɓi doksisaikilin. A yi gwajin jini, a bi abin da likita ya rubuta, a kuma shanye maganin har ƙarshe ko da jiki ya yi sauƙi.