Bututu ba ya gwada yadda GDB ke karɓar rubutu

Masu rubuta manhaja da yawa suna ɗauka cewa idan suka zuba umarni cikin fayil, suka tura wa GDB (manhajar binciken kurakuran shirye-shiryen kwamfuta) ta bututu, wato pipe, hanyar da wani shiri ke miƙa wa wani rubutu kai tsaye, to sun gwada yadda yake karɓar rubutu daga hannun mutum. Ba haka ba ne.

Da zarar GDB ya tashi, yakan yi amfani da wani aikin dubawa mai suna isatty ya ga ko tagar umarni (terminal) ce ke gabansa. In ya ga bututu ne, sai ya kashe gyaran layi na readline, manhajar da ke kula da abin da mutum ke bugawa. Cika kalma da maɓallin Tab da dawo da umarnin baya da kibiya duk ba sa aiki. Har tambayar e ko a'a da kansa yake amsa ta, galibi da e, ba ya jiran kowa.

Ctrl-C ne ya fi damuna. A tagar gaske, tsarin kwamfutar ne ke mayar da shi siginar SIGINT da ke tsayar da shirin da ake bincike. A bututu kuwa lambar da ke wakiltar Ctrl-C, wato 3, ce kawai take wucewa, babu abin da zai tsaya.

Shi ya sa gwaje-gwajen GDB suke bi ta DejaGnu, tsarin gwada manhaja da ke amfani da shirin Expect wanda Don Libes ya rubuta. Expect yana buɗe tagar bogi da ake kira pty, ya riƙa danna maɓallai kamar mutum, yana jiran amsa.